Neman Takardar Asali a London

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, har mai ƙosai ta ƙofar makaranta sai da ta tsayar da ni ta ce, "Malama Hauwa, wai da gaske ba a ɗauke wuta a can?" Na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta sau ɗaya, duk wadda ta ƙara tambayata zan miƙa mata ta karanta da kanta, tunda dai yawancinku ni na koya muku karatun.

Tafiyar tawa biyu ce a cikin ɗaya. Wadda kuka sani ita ce 'yata ta fari ta haihu, na tafi yi mata wankan jego. Ba na kiran sunanta, Likita nake ce mata, kuma likitar ce, a wani asibiti a can. Wadda ba ku sani ba ita ce ta fayil ɗin da na kwantar a ƙasan jakar hannuna.

Kun tuna sanarwar da ta fito kafin dogon hutu. Duk ma'aikacin da ba ɗan asalin jiha ba za a mayar da shi ɗan kwantiragi, a karɓe muƙaminsa, fansho kuma ya je jiharsu ya nema. Aka kafa kwamitin tantancewa, aka ce kowa ya zo da takardar asali in an dawo hutu. Ni a bayan tashar jirgin ƙasa ta garin nan aka haife ni, shekara hamsin da shida ke nan. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli a makarantun jihar nan, har na kai mataimakiyar shugaba. Laifina ɗaya: mahaifina, Malam Muhammadu Ndagi, Banufe ne daga wajen Bida. Aikin reluwe ya kawo shi yana saurayi, nan ya yi aure, nan ya tsufa, nan aka binne shi. Nufancin da na iya bai wuce gaisuwa ba.

Na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu da takardun marigayi maigidana, wanda shi ɗan gari ne kaka da kakanni. Aka ce asalin mace na ubanta ne, miji ba ya ba da asali. Na hau mota na tafi garin mahaifina, inda ban san kowa ba. Can kuma aka dube ni aka ce ai na yi aure a waje, sai in bi mijina. Na dawo na ga lauya. Ya buɗe min kundin tsarin mulkin tarayya, ya nuna min da yatsa inda aka hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda garin da iyayensa suka fito. Ya ce, "Malama, a takarda kin ci shari'ar nan tun ba a shiga ba. Amma kundin yana Abuja, hatimin kuwa yana sakatariya. Kafin a gama ɗage zama kin yi ritaya."

Mutum ɗaya ne zai iya cire sunana daga cikin waɗanda za a kora zuwa kwantiragi, shi ne shugaban kwamitin, Alhaji Mamuda, tsohon babban sakatare. Sau uku ina zuwa gidansa, sau uku maigadi yana ce min Alhaji yana London ganin likita. Da aka bugo aka ce Likita ta sauka lafiya, an samu namiji, na ce to madalla, tunda gwamnatin jihar ta koma London, bari in bi ta can.

Hanyar Abuja ba sai na ba ku labari ba, kun san ta. Direbanmu ya yi ta addu'a da baki yana gudu da ƙafa, kowane shinge kuma sai ya rage murya ya miƙa hannu ta taga. A jirgi aka haɗa ni kujera da wani ɗan kasuwa da ya cire takalmi tun ba a tashi ba, ya kuma kwana a kafaɗata kamar na goya shi. Abincin da aka kawo shinkafa ce cokali huɗu da wani ganye ɗanye, irin wanda muke ba zomo. Na ci don kada a ce ban waye ba.

A filin jirgin London muka yi layi kamar na karɓar taki. Da na iso gaba, wa zan gani a bayan gilashi, riƙe da hatimin ƙasar Ingila? Wata yarinya baƙa kamar ni, da ɗan kwalinta a naɗe irin na Musulmi. Saboda sabo da sakatariya na zazzage mata komai: fasfo, takardar gayyata, takardar haihuwa, takardar ɗaukar aiki, har da ta mutuwar miji. Ta ture su a hankali, ta ɗauki biyu kawai. Ta tambaye ni wajen wa na zo da kwana nawa zan yi. Na ce jika na samu. Ta yi murmushi ta taya ni murna, ta buga hatimi.

Ku ji abin kunya. Ina tattara takarduna, tambayar da ta zo min baki ita ce, "Ke 'yar asalin ina ce, har aka ba ki wannan kujera?" Ni da na haye teku saboda wannan tambayar ta hana ni barci, ni ce na kusa yi wa 'yar mutane ita. Ciwon nan ba a sakatariya kaɗai yake ba, duk mun sha shi a nono.

Wajen kaya kuma wani kare ya zo ya zauna gaban akwatina kamar ya biyo bashi. Aka buɗe. Kilishin da na sa aka yi min musamman, da man shanu kwalba biyu, aka ce nama da kayan madara ba sa shiga, aka jefa su a wani babban kwando ana ba ni haƙuri. Turawa sun iya wannan, su yanka ka suna cewa sannu. Kanwar kunun jego kuwa sai da mutum uku suka taru a kanta suna shinshinawa. Na ce musu gishirin mai jego ne. Suka dubi juna, suka mayar min.

Surukina Bashir ne ya tare ni. Injiniya ne, yaro mai kunya, har ƙasa ya durƙusa a tsakiyar mutane, Turawa suna ratse shi suna kallo. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke ce wa tube. Mutum ya fi ɗari a tarago, ba mai yi wa wani sallama, kowa ya kafa wa waya ido kamar an yi rasuwa. Na gaida matar da ke kusa da ni, ta riƙe jakarta da kyau.

A Whitechapel suke zaune, kusa da babban masallacin unguwar. In ba don sanyin iska ba sai ki rantse kasuwar wani gari ce ta Musulmi: mata da hijabi, shagunan dabino da turare, 'yan Bangladesh suna ta ciniki da hannu. Gidan kuwa, wato flat, ku da kuke cewa 'yar Malama tana London tana shan daɗi, ɗakin ajiyar littattafanmu na makaranta ya fi falonsu girma. In na miƙe ƙafa a gado sai ta taɓa ƙofa. Rana kuma ba ta da niyyar faɗuwa, ƙarfe tara na dare ana ganin allura a ƙasa. Na yi kwana uku ina yin magariba da shakka.

Washegari Bashir ya kai ni Old Kent Road sayen kayan miya. Nan ne Najeriya ta koma: hayaniya, manyan motocin bas, coci a cikin sito, da warin busasshen kifi. Mai shagon da muka shiga wata Bahausar zangon Ghana ce, ƙatuwa mai fara'a. Ta ce min, "Hajiya, ka zo lafiya? Ɗiyanka ya haihu? Allah shi raya." Na waiga in ga namijin da take yi wa magana. Kuka da daddawa da kuɓewa duk akwai, a ƙananan leda kamar maganin asibiti. Da na ji kuɗin sai da na nemi kujera.

Ganyen darbejiya ne babu. Na ce ba komai, ruwan zafi dai ba ya gagara. Na ɗora manyan tukwane biyu, na rufe tagogi don kada iska ta shigi mai jego, na bar su suna tafasa. Sai wani abu a rufin ɗaki ya ɗauki ihu kamar an taka wutsiyar akuya. Kafin in gane me ke faruwa maƙwabta sun fito matattakala, wata tsohuwa 'yar Bangladesh rungume da kyanwarta. Bashir ya hau kujera yana fifita na'urar da tawul yana ba kowa haƙuri. Likita ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Mama, wankan zan yi, amma da ruwan famfo. Kunun kanwar nan kuma ba zan sha ba, yana taɓa zuciya, mun sha ganin matan da ya kwantar." Na ce ni da na sha na haife ki ga ni a tsaye. Ta ce, "Allah ne ya tsare." Kin kashe kuɗi kin koyar da yarinya, ta dawo tana gyara miki kunu. Ni na shanye abina.

Kada ku ɗauka na dawo ina yabon Turawa. Wata rana muna cin tuwo na ce wa Bashir ai ku kun huta, nan ba a tambayar asali. Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Umma, ana yi. Kafin mu samu flat ɗin nan na yi booking na ganin wani gidan, a waya komai lafiya. Da na je mai gidan ya ga fuskata, sai ya ce an riga an kama. Bayan sati na ga tallarsa tana nan. Bambancin kawai, ba wanda zai yarda ya rubuta dalilin a takarda, don akwai dokar ƙasa, in ka kama mutum da hujja ya shiga uku." Na ce to, su suna yi a ɓoye suna murmushi don tsoron doka, mu kuwa muna bugawa a sanarwa da hatimin gwamnati, a karanta a rediyo.

Bashir ɗin ne ya nemo min Alhaji Mamuda. Ya ce duk wani babban mutum na gida da ya ɓace, a je masallacin Regent's Park ran Juma'a, za a same shi. Haka kuwa aka yi. Bayan an idar na tsaya a harabar ina kallon manyan riguna suna fitowa. Mutanen da muke yini a ƙofar ofishinsu ana ce mana suna taro, ga su nan suna taron, suna tafawa. Bashir ya kutsa ya gaida Alhaji, ya nuno ni. Alhaji ya ce a biyo shi gida a sha shayi, ba nisa.

Mara lafiyar da ya zo ganin likita ya riga mu hawa bene, ni ce ma nake haki. Falo ya sha kafet, hotonsa da manya a bango. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya jiki. Ya ce jiki da sauƙi, zuciya ce ba daɗi. Ban buɗe jakata ba ya fara ba mu labarin zaluncin da aka yi masa.

Ɗansa Faruk, wanda jihar ta turo karatu shekarun baya bai koma ba, ya nemi gidan council, wato gidan haya mai rahusa na ƙaramar hukuma, a unguwar da yake zaune, aka ce sai wanda ya shekara biyar a unguwar. Shi kuwa shekararsa uku da dawowa daga wata unguwa. Ban tambayi me ɗan mai wannan falo yake nema da gidan talakawa ba, na bar wa cikina.

Alhaji ya ajiye kofi ya ce, "Malama, ke mai ilimi ce, ki duba min. An yi reject ɗin yaron nan don kawai ba a unguwar ya tashi ba. Yana biyan tax, yana zaune lafiya da kowa. Wannan ai discrimination ne tsagwaronsa. Na ɗauki solicitor, lauya na nan ƙasar. Ya ce irin wannan ƙa'ida baƙi take cutarwa, kuma akwai dokar daidaito ta ƙasa baki ɗaya. Council ba ta isa ta yi dokar da ta saɓa wa ta ƙasa ba. Ƙaramar hukuma ce fa. Ƙasa ɗaya, doka ɗaya. In ba haka ba me ya raba mu da daji?"

Wallahi da a aji ya yi wannan bayani da na ba shi maki goma cif. Na bar shi ya kai aya, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa ka ce ya yi a unguwar?"

"Uku."

"Ni hamsin da shida na yi a tawa."

Na ciro fayil na ajiye a kan teburin gilashi. Bashir ya sunkuyar da kai yana nazarin kafet. Alhaji ya sa tabarau ya buɗe, ya karanta shafin farko, ya rufe. Ko gezau bai yi ba. Ban taɓa ganin mutumin da kunya ta yi wa nisa haka ba.

Ya ce, "Malama, kada ki haɗa. Nan ƙasa ce da ta ci gaba. Gida akwai sensitivities. In muka buɗe ƙofa, baƙi za su cinye wa yaranmu guraben aiki."

"Ni baƙuwa ce, ranka ya daɗe?"

"Haba, ke ai tamu ce. Wa bai san Malama Hauwa ba? 'Yata ta biyu ma ke kika koyar da ita."

"To a rubuta haka."

"Ba zai yiwu ba. In na yi miki exemption sai na yi wa kowa, kuma maganar za ta fita."

Na ce lauyana ya nuna min inda tsarin mulkin tarayya ya hana wannan. Ya yi murmushin da ake yi wa yaro ya ce, "Tarayya ta yi nata, jiha ta yi nata. Amma kwantar da hankalinki, ba za ki fita gidan nan hannu biyu ba."

Ya shiga ciki ya fito da jakar fata. A ciki akwai takardun asali na ƙaramar hukumarsu, sababbi ƙal, an riga an buga musu hatimi an sa hannu, wurin suna kawai aka bari. Ya ce yakan taho da su saboda 'ya'yan abokai da aka haifa a nan, in za su nemi tallafin karatu na jiha. Wato yaran da in ka ce musu ina kwana sai su amsa da Turanci, waɗanda ba su taɓa shan ruwan garinmu ba, su ne 'yan asali. Ya zaro ɗaya ya cire murfin alƙalami. Ya rubuta Hauwa Muhammad. A wurin garin uba ya rubuta Rafin Tsamiya, ƙauyensu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura Ndagi."

Ya ce, "Shi ne ai mai tona asirin. A bar shi. Ki je kotu ki yi rantsuwar gyaran suna, minti goma ne. Marigayin ba zai sani ba."

Na karɓa. Ku daina zaro ido, na karɓa, har na durƙusa na yi godiya, na yi wa Faruk addu'ar Allah ya ba shi nasara a kan azzalumai. Shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce, kuma ba ni da niyyar tsufa ina jiran 'yata ta turo min na cefane. A tube muna komowa Bashir bai ce uffan ba, ni ma haka. Mun dace da sauran fasinjojin.

Da na nuna wa Likita takardar, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mama, ki yi abin da ya fi miki sauƙi. Ba wanda zai zarge ki." Ta miƙo min ta ci gaba da ba yaro nono. Da ta yi faɗa ma da ya fi min.

Ana saura kwana huɗu in taho muka je ofishin da ake rajistar haihuwa. Tun ran suna an sa wa yaron Muhammadu, sunan mahaifina, shi ya sa ban iya kiransa sai Baba. Abin da ban sani ba shi ne sun shirya sa masa ɗaya sunan ma. Matar da ke rajistar, wata Baturiya mai furfura, ta tambayi sunan yaro. Likita ta ce Muhammad Ndagi Bashir. Matar ta rubuta, ta juyo da takardar ta ce a duba da kyau, don abin da aka rubuta yau shi zai bi shi har tsufa. Sannan ta tambaya, don hira kawai, ko sunan na tsakiya na wani ne a dangi. Likita ta ce na kakanta ne, ma'aikacin jirgin ƙasa. Matar ta ce ita ma kakanta aikin da ya yi ke nan, daga wata ƙasa ya zo yana saurayi. Ta buga hatimi ta miƙo.

Ina zaune da jaka a cinya, takardar Alhaji a ciki. Sai na tuna mahaifina yana dawowa daga aiki da warin baƙin mai a rigarsa. Na tuna ranar da ya ɗora ni a keke ya kai ni makarantar boko, maƙwabta suna cewa Banufen nan zai lalata 'yarsa. Shi ya cike takardar shigata da hannunsa, a hankali, yana danna alƙalami kamar zai huda ta, don bai daɗe da koyon rubutun ba. Duk abin da nake tinƙaho da shi, har fanshon da nake gudun rasawa, daga wannan takarda ya fara. Ga wata bare a ƙasar da ba ta san shi ba ta rubuta sunansa da ladabi, ni 'yarsa ina ɗauke da takardar da ta goge shi. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da jaririn. Na ce musu sanyin ofishin ne ya sa min hawaye.

Dawowa ba wani labari. Na bar wa Likita sauran kanwar ko za ta shiryu. Na sauka Abuja zafi ya rungume ni, wani ma'aikaci ya tambaye ni me na kawo musu, na ce gaisuwa.

Ran tantancewa aka tara mu a babban ɗakin taro na sakatariya. Da aka kira ni, wanda ke zaune a teburin Sabi'u ne, ɗalibina na shekarun farko, yanzu har da furfura a gemu. Ya miƙe tsaye ya gaishe ni. Ya buɗe fayil ɗina ya duba, ya rage murya ya ce, "Malama, ba ki da wata takarda? Kowa fa ya kawo." Ya ɗan karkato min babban littafin da ke gabansa don in gane nufinsa. Shafi guda cur, garin uba Rafin Tsamiya, Rafin Tsamiya, Rafin Tsamiya. Ƙauyen da bai fi a zagaye shi kafin shayi ya huce ba, ashe shi ya haifi rabin ma'aikatan jihar. Na ga sunaye a shafin nan, har da na wasu da suka fi kowa tambayata labarin London. Ban ce komai ba, kuma ba zan ce ba.

Hannuna yana cikin jaka, a kan takardar. Na ce, "Ina da ita, Sabi'u."

Ya yi ajiyar zuciya ya miƙo hannu.

Na ce, "Ba zan bayar ba. Rubuta sunan ubana yadda yake, da garinsu."

Ya ce, "Malama, kin san abin da zai biyo baya."

Na ce na sani. Ya rubuta Hauwa Muhammad Ndagi. Ya ɗauki hatimin da ke cewa ba 'yar jiha ba, ya riƙe shi a sama ya kasa saukewa. Ya ce in yafe masa. Na ce ya buga da kyau ya fito sosai, lauya zai buƙace shi.

Ran Litinin na miƙa makullin ofishin mataimakiya, na ɗauki alli na koma aji uku. Lauya ya shigar da ƙara, an ba mu rana bayan damina, ya ce kada in sa rai za a zauna. A satin nan Likita ta bugo ta ce Bashir ya haɗu da Alhaji Mamuda a masallaci yana ta raba fara'a. Council ta rubuto za ta sake duba maganar Faruk. Wai Alhaji ya ce a gaya min addu'ata ta karɓu, kuma abin da yake burge shi da ƙasar nan shi ne ba wanda ya fi ƙarfin doka.

Na ce ta gaishe shi. Sannan na ce ta kara wayar a kunnen Ndagi, in ji numfashinsa.